Joseph Greenberg: Ɗalibin Da Ya Zo Ƙasar Kano Neman Digiri, Ya Koma Ya Tsara Harsunan Afirka

Bisa al'ada, wannan fili na mujallarmu na mutanen gida ne: hakimai da alƙalai da malamai da attajiran da suka ɗaga sunan ƙasarmu kafin su riga mu gidan gaskiya. A bana mun ga ya dace mu ɗan karkata, mu kawo tarihin wani baƙo. Dalilinmu kuwa shi ne wata magana da ke yawan tasowa a duk inda 'yan asalin garinmu suka haɗu, ko a Kaduna ko a Abuja ko a Ikko. Yaro ya gama digirin farko, ya ce zai koma jami'a ya zurfafa bincike a kimiyyar harshe, sai iyaye su riƙe haɓa, a ce ga aikin likita ga na lauya, me kuma za a karanta a harshen da aka sha a nono? Wannan tambaya ce ta sa muka waiwayi rayuwar Joseph Harold Greenberg, wanda ya sauka ƙasar Kano a 1938 yana ɗalibi ɗan shekara 23, ya zauna da talakawa ya koyi Hausa daga bakinsu, daga baya kuma ya zama mutumin da ya shata wa harsunan Afirka taswirar da har gobe ake koyarwa da ita a jami'o'in duniya.

An haife shi ranar 28 ga Mayu, 1915, a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok a Amurka, a gidan Yahudawa masu asali daga Turai. Mahaifinsa mai kantin magani ne. Tun yana ƙarami kunnensa ya saba da harshe fiye da ɗaya, domin bayan Turanci akwai Yidishanci a wajen dangin uba, da Jamusanci a wajen dangin uwa, ga kuma Ibrananci na makarantar addininsu. Amma abin da aka fara saninsa da shi kiɗa ne. Yana da shekara 14 ya yi wasan fiyano a gaban jama'a a zauren Steinway na Niyok, har ana ganin da kiɗa zai ci abinci. Bai bi wannan hanya ba, sai dai bai bar fiyano ba har tsufansa.

Ya shiga Jami'ar Columbia a 1932, ya fita da digirin farko a 1936, bayan ya ƙoshi da Latin da Girkanci da Larabci. A shekararsa ta ƙarshe ya zauna a ajin Franz Boas, dattijon malamin da ake ɗauka uban nazarin al'ummomi da al'adunsu a Amurka. Babban darasin Boas shi ne launin fata daban, harshe daban, al'ada daban, kuma kuskure ne a yi amfani da ɗaya a yanke hukunci a kan ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Zuwa Kano

Da shawarar Boas da Ruth Benedict ya tafi Jami'ar Northwestern, kusa da birnin Chicago, ya zama ɗalibin digirin digirgir a ƙarƙashin Melville Herskovits, wanda ya riga ya yi bincike a Dahomey, ƙasar da ake kira Binin a yau. A takarda dai digirin nasa na fannin nazarin al'ummomi ne, saboda a wancan zamani kimiyyar harshe ba ta da sashe nata na kanta a yawancin jami'o'in Amurka, tana raɓe ne a jikin wasu sassa. Wannan ya sa ya tafi Jami'ar Yale ya yi shekara guda a wajen malaman harshe kafin ya kama hanya. Tsarin irin wannan digiri bai canza sosai ba daga wancan lokaci zuwa yau: ɗalibi zai zauna aji na wani lokaci, ya sami malami mai duba aikinsa, ya zaɓi tambaya guda wadda ba a amsa ba, ya fita ya tattaro hujja da hannunsa, ya dawo ya rubuta kundi, sannan ya zauna gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Tambayar Greenberg ita ce: ta yaya Musulunci ya yi tasiri a kan addinin gargajiya na Hausawan da ba su musulunta ba?

Kanon da ya tarar ita ce ta zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya a lokacin. Ta Ibadan sai a 1948, ta Zariya kuwa sai a 1962. Rubutun boko na Hausa yana tatata ne. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, Magana Jari Ce ta Abubakar Imam tana fitowa juzu'i bayan juzu'i, kuma Greenberg yana nan ƙasar aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939. Ya raba lokacinsa tsakanin birni da ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano, ya yi kusan shekara guda.

A nan ne, a ganinmu, aka gina duk abin da ya biyo baya. Wanda ya zo tambayar mutane abin da suka yi imani da shi, tafinta ba zai ishe shi ba. Dole ya ji da kunnensa, ya faɗa da bakinsa, a yi masa dariya, ya gyara. Hausa kuwa tana da tarkon da Bature ba ya gani a rubuce. Gari na zama da gari na tuwo, haruffansu ɗaya, tsawon wasali ne ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya, karin sauti ne ya raba su. Mu da muka tashi da harshen ba ma ko lura, amma baƙo sai ya yi gumi. Ba ma shakkar cewa kunnen da ya horu da fiyano ya yi masa rana a wannan wuri.

Abin da ya gano a bincikensa shi ne, addinin Maguzawa ba tsibiri ba ne da ke zaune shi kaɗai. Musulunci ya ratsa shi ta ko'ina: a sanin Allah Maɗaukaki, a yadda aka daidaita iskoki da aljannu, a kalmomi da lissafin kwanaki. Mafi muhimmanci, ya nuna cewa tasirin bai zo ta hanyar cuɗanya da Larabawa ido da ido ba, ya zo ne ta hannun malaman gida masu allo da littafi. Ya karɓi digirinsa a 1940 yana da shekara 25. An buga kundin a 1946 da sunan The Influence of Islam on a Sudanese Religion. Kalmar Sudan a nan tana nufin Biladus Sudan na tsofaffin marubutan Larabci, wato ƙasashen baƙar fata na kudu da Sahara, ba ƙasar da Hartum ke babban birninta ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa hanzari. A 1940, shekarar da ya auri matarsa Selma Berkowitz, aka ɗauke shi soja, aka sa shi a sashen warware saƙonnin sirri na abokan gaba. Ya yi aiki a Arewacin Afirka da Italiya, ya ƙara Italiyanci a jakarsa. Bayan yaƙi ya koyar a Jami'ar Minnesota daga 1946, ya koma Columbia a 1948.

Duk da haka Hausa ba ta bar teburinsa ba. Maƙalarsa ta 1941 a mujallar Language a kan tsarin sautukan Hausa take. A 1947 ya yi nazarin kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, ya nuna ba a lokaci ɗaya suka shigo ba: akwai tsohon rukuni da ya shigo ta bakin mutane a harkokin yau da kullum, akwai na baya da ya shigo ta littattafan malamai. Kowa na iya ganin sawun wannan aro a kalmomi irin su albasa da alkama da alƙali, waɗanda suka shigo da harafin al na Larabci a manne, ko littafi da liman da labari da lahira, waɗanda saura l kaɗai ya rage musu. A 1949 ya nuna cewa rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne a kan ma'aunan arulin Larabci, da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. A 1960 kuma ya fito da wata hujja da ta motsa masana tarihi: ya ce kalmomin karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka iso Hausa, kamar yadda sarautu irin su galadima da ciroma suka iso. Ma'anar haka ita ce ilimin rubutu ya shigo ƙasar Hausa ta gabas, daga Borno, ba ta hannun Wangarawan Mali kaɗai ba, waɗanda Tarihin Kano ya ambaci zuwansu a zamanin Sarki Yaji. Ba duka masana ne suka yarda da kowane ɓangare na wannan ba, amma an ga yadda kalma ke iya ba da shaidar da babu ita a takarda.

Rushe tsohon gini

Babban aikinsa ya fara fitowa a 1949 da 1950, cikin jerin maƙalu, aka tattara su littafi a 1955, sannan ya sake tace su a littafinsa na 1963 mai suna The Languages of Africa. Don a gane nauyin aikin, sai an san abin da ya tarar.

Kafin shi, ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne na Bajamushe Carl Meinhof, wanda a littafinsa na 1912 ya tara Hausa da Fillanci da Masai da Somaliyanci da Nama na kudancin Afirka a kwando ɗaya, ya kira su harsunan Hamawa, wato jikokin Hamu ɗan Annabi Nuhu. A bayan wannan rabo akwai wani tunani mai guba, wanda Bature C. G. Seligman ya yaɗa a littafinsa na 1930: wai duk wani ci gaba da aka gani a Afirka, wasu makiyaya ne masu hasken fata suka shigo da shi daga waje. Saboda haka in an ga mutane suna kiwon shanu, ko hancinsu ya ɗan miƙe, ko harshensu yana bambanta namiji da mace, sai a ce Hamawa ne. Ɗalibin Boas ba zai iya haɗiye wannan ba. Greenberg ya ce a ajiye saniya da hanci a gefe, a dubi harshe kaɗai, kuma a cikin harshen ma a dubi inda sauti da ma'ana suka dace tare.

Hanyarsa mai sauƙin faɗa ce, mai wuyar yi. Yakan jera harsuna masu yawa a lokaci guda a cikin littattafan rubutunsa, ya kwafo kalmomin da ba a cika aro ba: sassan jiki, ƙidaya ta farko, ruwa, wuta, rana, mutuwa, da wakilan suna irin su ni da kai da ita, tare da ƙananan ɗafe-ɗafen nahawu. Da ya yi wa Fillanci haka, sai ga shi fili cewa danginsa na kusa su ne Serer da Wolof na ƙasar Senegal, ba shi da wata alaƙa ta musamman da harsunan Arewacin Afirka. Da ya yi wa harsunan Bantu, waɗanda suka mamaye tsakiya da kudancin nahiyar, sai ya ce reshe ne kawai na wani babban dangi da ya kira Neja-Kwango, kuma asalinsu yana wajen iyakar Nijeriya da Kamaru. Malcolm Guthrie na Jami'ar Landan ya yi shekaru yana jayayya da shi a kan wannan, amma a yau yawancin masana suna tare da Greenberg.

Sai kuma namu. An daɗe ana lura da kamannin Hausa da harsunan Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, amma ana ɗaukar ta kamar wata baƙuwa da ta ɓato cikin baƙar fata. Ko Marcel Cohen na Faransa, a littafinsa na 1947, da ɗari-ɗari ya sa ta a lissafi. Greenberg ya ce Hausa ba marainiya ba ce. Tana da 'yan'uwa na jini kewaye da ita: Bolanci da Karekare da Ngizim da Bade da Tangale da Angas da Bura da Margi da Bacama, har zuwa Kotoko da Musgu na Kamaru da Cadi. Ya haɗa su duka a dangi ɗaya, harsunan Cadi, waɗanda a yau aka san sun haura 150. Sannan ya ɗora wannan dangi a matsayin reshe cikakke, kafaɗa da kafaɗa da reshen su Larabci da Ibrananci da Amharik, da na Buzaye da sauran Barbar, da tsohon harshen Masar na Fir'aunoni, da na su Somaliyanci da Oromo. Ya kira babban gidan Afro-Asiya, ya jefar da sunan Hamawa kwata-kwata.

Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya zai iya taɓa hujjar da hannunsa. Balarabe ya ce baituka, baituki, baitukum. Mu mu ce gidanka, gidanki, gidanku. Ya ce yaktubu ga namiji, taktubu ga mace. Mu mu ce ya rubuta, ta rubuta. Yana sa harafin m a gaba ya samar da sunan wuri ko na kayan aiki, kamar maktab da miftah. Mu ma haka, maƙera da mabuɗi. Mutuwarmu da maut ɗinsa tushe ɗaya ne. Akwai kuma wani tsari da Greenberg ya keɓe wa maƙala guda a 1960: n ga namiji, t ga mace, n ga jam'i, kamar yadda muke cewa doki na Audu, riga ta Audu, dawaki na Audu, tsarin da ya nuna yana nan a wasu rassan gidan. Irin waɗannan ba a aronsu a kasuwa, gado ne. A nan ya kamata mu yi hattara, domin mun sha jin ana cewa wai Hausa daga Larabci ta fito. Ba haka ba ne. Zumuntar ta 'yan'uwan kakanni ce waɗanda suka rabu dubban shekaru da suka wuce, tun kafin a san wani abu wai shi Larabci ko Hausa. Kalmomin aro irin su albasa labari ne daban, na jiya-jiya.

A 1963 ya rage dukkan harsunan nahiyar zuwa gidaje huɗu: Afro-Asiya, Neja-Kwango da harsunan Kordofan, Nilo-Sahara, inda ya sa Barbarci da Zabarmanci, da Koisan na kudu masu ƙyas-ƙyas a baki. Gaskiya ita ce ba dukkan ginin ne ya tsaya da ƙarfi ɗaya ba. Masana na yau ba sa ɗaukar Koisan dangi guda, kuma ana ta muhawara a kan Nilo-Sahara, musamman matsayin Zabarmanci da danginsa na Songai. Amma ɓangaren da ya shafi Hausa ya tsaya daram. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka bi harsunan Cadi da tsohuwar hanyar kwatanta sauti da sauti, suka tabbatar dangi ɗaya ne.

Ya koma Jami'ar Stanford a jihar Kalifoniya a 1962, a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. A 1963 ya buga wata maƙala da ta buɗe sabon fage gaba ɗaya. Ya ɗauki harsuna 30 daga sassan duniya, cikinsu har da Fillanci da Yarabanci da Songai (abin mamaki, ban da Hausa), ya fito da ƙa'idoji 45 da harsunan ɗan'adam ke bi wajen jera kalmomi. Misali, harshen da ke ajiye aikatau a ƙarshen jimla, kamar Barbarci ko Japananci, kusan kullum yakan sa ƙananan kalmomin nuna wuri a bayan suna. Wanda ke fara jimla da aikatau, kamar Larabcin littafi, yakan sa su a gaba, kamar yadda muke cewa a gida ko daga kasuwa. An zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Ƙasar Amurka a 1965, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Haile Selassie kan binciken Afirka a 1967, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana harshe ta Amurka a 1977.

Ba za mu ɓoye inda aka kushe shi ba. A 1987 ya ɗauki hanyar da ta yi masa aiki a Afirka ya kai ta nahiyar Amurka, ya ce ɗaruruwan harsunan 'yan asalin can gidaje uku ne kacal. Ƙwararrun fannin suka yi masa ca, suka fito da kurakurai masu yawa a kalmomin da ya kwafo, suka ce kamanni na iya zuwa bisa katari idan an tara harsuna da yawa ba tare da bin ƙa'idar canjin sauti ba. Har yau yawancinsu ba su karɓi rabon ba. Mu dai abin da muka lura shi ne, a Afirka yana da ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa: ya ji harshe ɗaya daga bakin masu shi, ya kuma tarar da aikin magabata irin su Diedrich Westermann ya ɗora a kai. A Amurka kuwa daga ɗakin karatu ya yi komai.

Wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, duniya ta riƙe sunan Greenberg, amma manoma da malaman da suka zauna da shi a inuwa suna maimaita masa kalma sau goma ba kasafai ake tuna su ba. Sai da aka shekara kusan 30 da zuwansa kafin 'ya'yan gida su fara karɓar irin wannan digiri a kan harshensu, irin su marigayi M. K. M. Galadanci, wanda ya kammala nasa a Jami'ar Landan a 1969 a kan nahawun Hausa. Kuma aikin bai ƙare ba. Da yawa daga cikin harsunan Cadi da Greenberg ya jera ba su da cikakken ƙamus ko littafin nahawu, wasunsu a jihohin Bauci da Gwambe da Yobe da Filato tsofaffi kaɗai ke jin su da kyau, kuma harshen da ke haɗiye su ba Turanci ba ne, Hausarmu ce. Duk ɗaya da ya ɓace ba a rubuta shi ba, ya tafi da wani yanki na tarihin ita kanta Hausar, domin da 'yan'uwanta ake gane yadda take a da. Wanda ya fi dacewa ya yi wannan aiki shi ne yaron nan da ake riƙe wa haɓa, wanda ba ya bukatar jirgin ruwa ko tafinta kafin ya isa ƙauyen.

Greenberg ya yi ritaya daga koyarwa a tsakiyar shekarun 1980, amma bai daina zuwa ɗakin karatun Stanford da littattafan rubutunsa ba. Aikinsa na ƙarshe yunƙuri ne na haɗa harsunan Turai da na arewacin Asiya a wani babban gida guda. Juzu'i na farko ya fito a 2000. Ciwon daji ya kama shi, ya mutu a Stanford ranar 7 ga Mayu, 2001, saura mako uku ya cika shekara 86. Ya riga ya kammala rubuta juzu'i na biyu, aka buga shi a 2002.